Shekarar da Shuɗiya ta Tashi

Ku matso, jikokina, yau na iso shekarar da kuka fi tambayata a kanta. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, in kun ga magana ta karkace to bakina ne, ba hannun mai rubutu ba. Kun sha ji a gari cewa kakarku ta taɓa tsayawa a gaban maza ta kunyata ɗanta na fari, har wasu na cewa da gayya na yi. Ke kuma Maryam, kin sha kuka kina ƙarama don ana ce miki 'Yar Mota, kina buga ƙafa kina cewa ke ba mota ce ta haife ki ba. To, maganar duk guda ce, kuma ga yadda ta kasance.

Akwai wani bawan Allah, Malam Bitrus, mutumin wajen Gitata, Kirista ne, malamin firamare a nan Gangaren Tudu. Shi ya koya wa Baban Maryam karatu. Kun dai san ba na faɗin sunan Baban Maryam, ɗan fari ne, haka na taras iyayena suna yi. Har ya girma ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yabonsa a gaban mutane ba, in ina da magana da shi sai in faɗa wa wanda ke kusa ya ji. Ku riƙe wannan, za ku ga amfaninsa a gaba. To, da aka ba mu jiharmu, sojoji kuma suka koma bariki, mutanen unguwa suka taru suka matsa wa Malam Bitrus sai ya tsaya takara. Ya ƙi, suka nace, ya tsaya, ya ci, ya tafi majalisa a Lafiya. Muka ce shi ke nan, mun yi asarar malami. Ashe ba haka ba. Duk ƙarshen mako yana nan gindin darbejiyar bakin lungunmu, da takalminsa na da, yana jin koken mutane. Shi ya tsaya aka yi mana kwalbati, shi ya sa aka rufe azuzuwan da iska ta yaye. Amma in kun tambayi matan unguwar nan, ba kwalbati za su fara ambata ba, Shuɗiya za su ce.

Shuɗiya tsohuwar motarsa ce, doguwa mai faɗin baya, kalar shuni. Da ya samu sabuwa, sai ga shi wata ranar Asabar da hantsi ya shigo da tsohuwar har ƙofar zaurena. Ina tsakar gida ina shanya daddawa ya yi sallama.

"Inna Delu, ga makulli. Daga yau motar nan ta masu naƙuda ce. Duk wadda ciki ya motsa wa, a zo nan a karɓa, duk namijin da ya iya tuƙi ya kai ta asibiti."

Na ce, "Malam, duk gidajen unguwar nan sai ni? Ni da ko keke ban taɓa hawa ba?"

Ya yi dariya ya ce, "Shi ya sa. Kullum kina gida, kuma ban ga wanda ya isa ya ce ki ba shi aro ya je biki ba."

Daga baya matarsa Rahila ta gaya mini dalili. Uwarsa a kan ƙyauren ɗaki aka ɗauko ta daga ƙauye tana naƙudar ƙanensa, ba su kai titi ba ta haihu, ta cika. Mu ma nan kafin Shuɗiya, a baro ake turo mace ko a ɗora ta a babur, don lungunmu ƙunci gare shi, ga zaizayar ruwa, masu motar haya ba su yarda su shigo. Na buga ƙusa a bangon zaure na rataye makullin. Shekaru motar nan tana kai mata tana dawo da jarirai. Ba a taɓa tambayar mace masallaci mijinta ke zuwa ko coci ba. Ana buga ƙofa, in miƙa makulli, in yafa mayafi in shiga baya in riƙe kan mai naƙuda.

Ana nan ana nan, ciwo ya kama Malam Bitrus. Yana kwance, Shuɗiya ma ta kwanta, don shi ke kula da gyaranta. Tayoyinta suka sace, ta zauna gindin darbejiya, kajina suka mai da kujerar gaba wurin saka ƙwai. Farkon damina Allah ya karɓi ransa. Ranar jana'izarsa ban ga inda Gangaren Tudu ta ƙare ba saboda mutane. Musulmi suka cika harabar cocin suna tsaye a rana, ba wanda ya ce ya gaji.

A zaman gaisuwa ne abin ya faro. Lokacin Baban Maryam yana aikin gwamnati a Abuja, kullum ya bi motar safe ya dawo da yamma, kamar yawancin samarin Keffi a shekarun nan da birnin ke ta kumbura yana matsowa wajenmu. Ya ga duniya, yana kuma son malaminsa har zuciya. Cikin jimami sai ya ce, irin wannan mutum a manyan garuruwa mutum-mutuminsa ake kafawa a shataletale don kada a manta da shi. Magana ce ta bakin mai baƙin ciki. Amma Malam Yohanna, ƙanen mamacin, wanda aka haifa a kan hanya ɗin nan, ya ji ta, ya kai wa dangi cewa maƙwabta Musulmi suna son a kafa mutum-mutumi. Liman kuma labari ya iske shi cewa dangin mamaci ke so. Kafin a yi haka an kafa kwamiti, an naɗa Baban Maryam sakatare, ya je Abuja ya zo da mai sassaƙa da hoton yadda abin zai kasance: Malam Bitrus na siminti, ya ɗaga hannu ɗaya sama. Unguwa ta ɗauka. Ni ma na ji daɗi a raina ganin ana ambaton ɗana da girma, ko da yake ban nuna ba. Sai aka ce wurin da za a kafa shi gindin darbejiya ne, kuma za a ba 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, Shuɗiya su yanka ta, abin da aka samu a zuba a aikin.

Ranar da na ji wannan, ban zauna ba.

Na ɗauki ƙullin daddawa na tafi wajen Rahila, don tun rasuwar nake leƙa ta. Na same ta tana ɓarar gyaɗa, na zauna muka ci gaba tare. Muna cikin yi sai ta ajiye tiren ta fashe da kuka.

"Inna Delu, yaya zan yi in riƙa wucewa kasuwa ina ganin mijina a tsaye cikin ruwan sama, tsuntsaye na yi masa kashi a ka? Mutumin da ko hotonsa na zaɓe bai so a liƙa a bango ba?"

Na ce, "Ikon Allah. To ba ku kuka ce a yi ba?"

"Mu? Ai ku kuka nema. Yohanna ya ce mutanen nan abin ba ya cikin addininsu, amma sun danne zuciyarsu don su girmama yayanmu, da wane baki za mu ce ba mu so? Fasto ma ba ya so, kunyar Liman yake ji."

Na ji kamar an zuba mini ruwan randa. Don kwana kaɗan kafin nan matar Liman ta zo sayen daddawa ta ce mini Malam ya rame, ya kasa cin abinci, yana cewa yaya zai tsaya a buɗe gunki, yaya kuma zai ƙi bayan alherin da mamacin ya yi wa kowa. Kun gani? Kowa na yi wa kowa kara, kowa na haɗiye abin da ba ya so, kuma Shuɗiya ce za ta tafi a banza a tsakaninsu.

Ban fara da taro ba, ku shaida wannan. Gida na fara. Da yamma Baban Maryam ya biyo gaishe ni kamar kullum, matarsa Hadiza tana wurina da tsohon ciki, cikin Maryam ke nan. Na dubi Hadiza na ce, "A gaya wa mai gidanki, abin nan ba mai sonsa. Rahila ba ta so, Liman ba ya so. A janye cikin ruwan sanyi tun ba a ji kunya ba."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, magana ta yi nisa. Manya sun sa baki, an gayyaci mutane daga Lafiya. Hirar mata ce kawai, a kwamiti ba wanda ya ce uffan. Gobe bayan taro masu sayen motar za su zo, a ba ni makullin."

Na tashi na zare makullin daga ƙusa na ƙulle shi a haɓar zanena. Na ce wa Hadiza, "A gaya masa mai motar ni ya ba wa, bai kuma aiko a karɓa ba."

Washegari da la'asar aka yi taron a ajin da Malam Bitrus ya koyar. Maza a ciki kan bencin yara, gwiwoyinsu sun kusa taɓa haɓa, mu mata a waje bakin taga. Na san abin da zan jawo wa ɗana. Na kuma san matan da na riƙe wa kai a bayan motar nan, da waɗanda ke tafe da cikinsu, har da tasa matar. Na taka har bakin ƙofa na yi sallama. Maza suka juyo, don ba a taɓa gani ba.

Mai unguwa ya ce, "Inna Delu, lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe. Tambaya ce da ni, in yi in koma. Malam Yohanna, don girman Allah, ku kuka ce a kafa abin nan?"

Ya dubi Fasto, ya dubi ƙasa, ya ce, "Gaskiya, Mama, mu mun ɗauka ku ke so."

Na juya na ce, "Allah gafarta Malam, ku kuka nema?"

Liman ya zabura har carbinsa ya faɗi. "Ni? Subhanallahi! Ai mun zaci al'adarsu ce, muka ce a yi haƙuri a yi musu!"

Liman da Malam Yohanna suka dubi juna. Sai Fasto ya fara, wata irin dariya da ta ƙi tsayawa, yana dukan benci yana share hawaye. Liman ya kama, ya miƙa masa hannu suka tafa. Aji ya ɗauka, mata a taga suka ɗauka, wata ta rangaɗa guɗa. Malam Yohanna yana cewa, "Kai, Liman, ashe tare muke ramewa!" Daga nan wani daga baya ya ce, "To wai wa ya fara kawo maganar nan ne?" Sai idanu suka juya wuri ɗaya. Baban Maryam ya miƙe a hankali, ya zo ya wuce ta gefena a bakin ƙofa, rigarsa ta taɓa hannuna, bai dube ni ba. Har yau in na tuna ina jin taɓawar rigar nan.

A wannan zaman aka yanke cewa abin tunawa da Malam Bitrus shi ne a tayar da Shuɗiya, a gina mata rumfa a gindin darbejiya, a rubuta sunansa a jiki. Jikokina, ban taɓa ganin unguwa ta tashi kamar lokacin nan ba! Audu bakanike ya kwaso yaransa suka buɗe cikinta, suka fito da sheƙar ɓera da ƙwai biyu da suka dafu da rana. Ya ce injin nan sai addu'a, Liman da Fasto suka ce wannan ɓangarensu ne, shi ya yi nasa. 'Yan acaɓa suka kawo batir. Wani mai shago ɗan kudu ya mirgino tayoyi da kansa, yana cewa da Hausarsa mai daɗi, "Wannan mota ya kai matana, ba zai mutu ba." Matan zumunta na coci da matan Islamiyya muka haɗa murhu a ƙofar gidana muna dafa wa magina, muna gardamar wa ya fi iya miyar ɗanyar kuɓewa. Ɗaliban jami'a da ke haya a lungun suka yi ta turin mota daga kan tudu zuwa gangare, ta yi tari ta mutu, su sake mai da ita sama. Ranar da ta kama, ta yi wata ƙara ta tofar da baƙin hayaƙi, yara suka bi ta da gudu har titi, tsofaffi muna guɗa kamar an kawo amarya. Rahila ta rungume ni tana dariya tana kuka.

Amma duk wannan murna, akwai gurbi a cikinta. Baban Maryam ya daina biyowa ta zaurena. Kullum sai ya bi ta bayan layi ya tafi aikinsa, ya dawo ta can. Tuwon da nake aika masa ya riƙa dawowa da murfinsa yadda na rufe. A majalisar shayi samari suka sa masa suna Mai Gunki. Hadiza ta ce mini ya ce tun yana yaro bai taɓa jin na tsaya masa ba, ranar da na buɗe baki a gaban jama'a kuma a kansa ta ƙare. Wannan magana ta shige ni. Da ɗan tsakiya ne da na je na kama kunnensa na ja shi gida mu shirya. Amma shi, da wane suna zan tsaya a ƙofarsa in kira?

Kwanci tashi ranar buɗewa ta zo, bayan an ɗauke ruwa. An kafa rumfuna, an kawo kujeru da lasifika. Shuɗiya ta sha sabon fenti tana ƙyalli a rumfarta, hancinta na kallon titi, an ɗaura jan ƙyalle a gabanta wanda babban baƙo zai yanka. Manyan da suka zo daga Lafiya can bakin titi suka bar motocinsu suka tako, don lungunmu bai san babba ba. Matan zumunta da ankonsu suna kaɗa tulu, 'yan Islamiyya da fararen hijabai suna waƙe, masu kalangu sun rasa ta inda za su shiga. Ni aka ce in miƙa makulli a gaban jama'a, ina zaune kusa da Rahila da shi a hannuna. Baban Maryam na hango shi can ƙarshen taro, ya jingina da bango, ya harɗe hannu. Ya zo don malaminsa, ba don mu ba.

Babban baƙo yana tsakiyar jawabi, ya kai inda yake cewa marigayi mutum ne na mutane, sai matar Liman ta kutso ta raɗa mini cewa Hadiza ta durƙusa a bayan tukwane, faya ta fashe. Muka ruga ni da Rahila. Ina ganin fuskarta na san wannan ba mai jira ba ce. Mata suka kewaye ta da zannuwa muka tallabo ta zuwa motar. Aka ce ina Audu bakanike? Ashe ya tafi gida sa sabuwar riga don a ɗauke shi hoto. Na duba, maza duk sun ba mu baya suna kallon mai jawabi, lasifika na ƙara, ganguna na tashi. Baban Maryam kaɗai na sani ya iya tuƙi a kusa, yana can jikin bango yana kallon ƙasa. Na ɗaga hannu, bai gani ba. Na ce a kira shi, ba mai jina. Hadiza ta damƙe hannuna ta yi wani nishi.

Sai na buɗe baki, da duk ƙarfin da Allah ya bar mini, na ce:

"Sallau!"

Wallahi har mai lasifika sai da ya yi shiru. Tsofaffin unguwa suka riƙe baki. Shi kuwa ya ɗago kai kamar wanda aka tasa daga barci, yana neman inda muryar ta fito. Na ɗaga makullin sama. Ban san ya iya gudu haka ba, ya tsallake benci, hularsa ta faɗi bai waiwaya ba. Ya fizgi makullin, ya murɗa, Shuɗiya ta amsa bugu ɗaya. Wani ɗan kwamiti yana ihu, "Ba a yanka ƙyallen ba! Ku jira almakashi!" Ina! Shuɗiya ta yanka abinta da hancinta, ta fita da jan ƙyallen yana filfilawa a gaba. Ta gilashin baya na ga babban baƙo riƙe da almakashi yana dariya, Fasto da Liman sun ɗaga hannu sama, mata na guɗa, jama'a sun dare mana hanya suna tafi har titi.

Ba mu kai ciki ba. Daidai ƙofar asibiti, a kujerar baya, kan Hadiza a cinyata, Rahila ta karɓe ki, Maryam. Ita ta ɗaga ki ta ce, "Ga 'Yar Mota, ta zo buɗe rumfar Malam!" To kin ji inda sunan ya fito. Ba mota ce ta haife ki ba, amma a cikinta kika fara kuka, kuma bakin da ya raɗa miki shi bakin alheri ne.

Rana ta yi sanyi muka dawo, ni da Baban Maryam kaɗai a motar. Ya mai da ita rumfarta, ya biyo ni har zaure, ya rataye makullin a ƙusarsa da hannunsa. Sannan ya durƙusa ya gaishe ni, ya daɗe bai tashi ba. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa:

"Inna, ashe kin san sunana."

Ba Hadiza a kusa da zan faɗa wa, ba kowa a zauren sai kaza. Sai na dubi ƙusar da ke bango na ce, "A gaya wa direban Shuɗiya akwai tuwo a rufe."

Ya ci, ya nemi ƙari.

Tun daga ranar ban sake faɗin sunan ba sai yau, don a rubuta muku. Ku kuma da kuka ji, kada wanda ya ce in maimaita.